Ɗan Arewa, ɗan Sudan ko ɗan Ajantina: wane doki ya dace da turkenka a Sakkwato?

Wanda ya ƙudiri aniyar ɗaure doki a Sakkwato yakan sha shawarwari masu karo da juna. Dillali zai ce ya ƙara kuɗi ya ɗauki ɗan Sudan, don shi ne ke cika ido ranar hawa. Tsohon mahayi zai ce ɗan Arewa ya ishe shi. Idan kuma ya taɓa kallon ƙwallon dawaki a Kaduna ko Katsina, to zuciyarsa na can wajen ɗan Ajantina. Duka ukun dawakin kirki ne, sai dai ba kowane gida ne zai iya riƙe kowannensu ba, kuma ba a gane hakan ranar ciniki. Sai Afrilu da Mayu sun kama, zafi ya haura digiri 40, harawa ta yi tsada ta yi wuyar samu, sannan mutum zai san ko dokin da ya ɗaure daidai ƙarfinsa ne.

Abin da za ka auna kafin ka je kasuwa

Na farko shi ne aikin da dokin zai yi. Hawan salla da rakiyar ango da kilisar yamma aiki ɗaya ne, sukuwar gasa wani aikin ne, ƙwallon dawaki kuma wani daban. Dokin da aka horar don ya tsere wa 'yan'uwansa ba zai so tafiyar ƙasaita a bayan hakimi ba. A haɗa da nauyin mahayi: ƙa'idar da masana suka fi yarda da ita ita ce kada mahayi da sirdi da sauran kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin idan tafiyar mai nisa ce.

Na biyu, kuma shi ya fi kowanne nauyi, shi ne ci. Doki yana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana, kuma aƙalla kashi ɗaya da rabi ya zama harawa da ciyawa, ba hatsi ba. Ba sai da sikeli za ka san nauyinsa ba. Ɗauki tef ɗin tela, auna zagayen ƙirjinsa daidai inda majayi ke bi, sannan auna tsawonsa daga ƙashin gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ninka zagayen da kansa, ninka da tsawon, raba da 11,900. Dokin da zagayensa 160 ne, tsawonsa 145, zai ba ka kilo 312. Daga wannan lamba ake fitar da kuɗin wata, da yawan ruwa, da awon maganin tsutsa.

Na uku juriya: zafi, ƙura, kaska, da cututtukan damina. Na huɗu hali, wato ko kai da yaron bargarka za ku iya da shi. Kuɗin saye shi ne na ƙarshe, tare da tambayar da ba a cika yi ba: idan ta kama a sayar, wa zai saya?

Ɗan Arewa

Shi ne dokin ƙasar nan, irin da ake haifa a ƙauyukanmu da na Nijar, ana kawo shi kasuwanni irin su Illela da Kara, ga kuma Maigatari a Jigawa ga mai son ganin dawaki da yawa wuri ɗaya. Tsayinsa a kafaɗa yakan kama daga santimita 140 zuwa 150, nauyinsa tsakanin kilo 250 da 350. Ana samun sa a kowane launi da mahayanmu ke so, akawal, kili, hurde, bikili, danda.

Ɗauki mai kilo 300. Kilo 6 ne cinsa a rana: wajen kilo 4 da rabi na harawar wake ko ta gyaɗa gauraye da busasshiyar ciyawa, sauran kuma gero ko dawa da dusa, a raba safe da yamma. Daga Nuwamba zuwa Yuni, kafin ɗanyar ciyawa ta wadata, wata takwas ke nan, zai cinye harawa da ciyawa kimanin tan ɗaya. Mai gona ko mai rumfar ajiya zai iya tara wannan tun da kaka, lokacin da damin harawa ke da sauƙi. Ruwa kuwa, lita 15 zuwa 20 da hunturu, amma da bazara ya kan shanye jarka ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu.

Ƙarfinsa na gaske yana wajen juriya. Kofatonsa mai tauri ne, ya dace da yashi da marmarar ƙasarmu, ba ya buƙatar takalmin ƙarfe, sai dai a riƙa gyara masa shi duk mako shida zuwa takwas. Inuwar dogon yaro da turke mai kyau sun ishe shi a yawancin shekara, muddin akwai rumfar da zai fake da damina. Ya tashi cikin kaska da ƙwarin nan, don haka cututtukan da ke kwantar da baƙon doki sau da yawa sukan zo masa da sauƙi. Wannan ba ya nufin a bar shi babu magani. Ciwon da ya fi kashe shi ma daga hannun mai shi yake fitowa: ciwon ciki. Tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai. Idan aka ɗura masa gero don ya yi ƙiba kafin salla, ko aka zuba masa abinci a kan yashi yana haɗiyewa da ƙasa, ko aka bar shi da ƙishi bayan ya cika ciki da busasshiyar harawa, sai ka ga ya daina ci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, gumi na tsattsafo masa a wuya. A wannan hali a ɗauke abinci, a ja shi yana tafiya a hankali, a kira likitan dabbobi nan take. Kada hatsin ci ɗaya ya wuce rabin kilo ga kowane kilo 100 na nauyinsa, kuma a zuba komai a cikin kwami ko rabin duro.

Inda ya gaza a bayyane yake. Mai kilo 300 kayan da ya dace da shi kilo 60 ne, kuma sirdinmu na gargajiya da jalala da sauran ado ba su da sauƙin nauyi. Daga gida zuwa Fakon Idi a dawo, cikin tafiyar ƙasaita, zai ɗauki babban mutum. Amma mahayi mai kilo 90 da ke son kilisa kullum zai fasa masa baya, ya kuma gajiyar da ƙafafunsa da wuri. Irin wannan mutum ya nemi ingarman ɗan Arewa mai faɗin ƙirji da gajeren baya, ko ya duba na gaba. A gudu mai nisa kuma ba ya kamo ɗan Sudan, shi ya sa masu shirya sukuwa ke raba su aji-aji, Arewa daban, Sudan daban.

Shi ne mafi arha a cikin ukun, kuma shi ne mafi sauƙin sayarwa, don kowace kasuwar dabbobi akwai mai nemansa.

Ɗan Sudan

Dogo ne, mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji, yakan kai santimita 155 zuwa 160 ko fiye. Tun zamanin Turawa aka gauraya dawakin Sudan da jinin na Larabawa da na tseren Ingila, daga nan tsayin da gudun suka fito. Idan aka ɗaura masa kayan ado, mahayi ya sha rawani da alkyabba, babu mai musun cewa ya cika fage.

Nauyinsa yakan kai kilo 350 zuwa 450. Mai kilo 400 zai ci kilo 8 a rana yana hutawa, idan kuma ana shirya shi sukuwa zai kai 10, kuma ƙarin daga hatsi yake zuwa, wanda shi ne mai tsada kuma shi ne mai haɗari. Dole a raba masa sau uku, a bar masa harawa da dare. Nan ne mutane da yawa ke kuskure da dusa. Dusa tana da arha, doki na son ta, amma idan ta yi yawa ba tare da harawar wake ko ta gyaɗa ba, takan hana jiki amfani da sinadarin da ke gina ƙashi, sai ƙashin fuska ya kumbura, ƙafafu su riƙa ɗingishi yau wannan gobe waccan. Harawa ce ke daidaita ta. Kuma kada a taɓa ba doki abincin kaji na kamfani, akwai maganin da ake sa wa wasunsa wanda ɗan kaɗan ya isa ya lalata zuciyar doki.

Zafi ba ya damun sa sosai, don daga ƙasa mai zafi ya fito. Matsalarsa hanya ce. Ana biyo da shi ta Chadi, tafiya mai tsawo, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 hanyar ta ƙara wuya. Sabon zuwa yakan iso a rame, da tsutsar ciki, da kofato a fashe, wani lokaci da tari. Yana buƙatar wata biyu zuwa uku na kiwo kafin a san ainihin dokin da aka saya. Wanda ya saye shi saura mako biyu salla yana fatan ya hau, ya fafe gora ranar tafiya.

Sai hali. Yawancin 'yan Sudan da ke canza hannu sun riga sun yi sukuwa, kuma dokin da ya saba tsere, da ya ji kofaton wani a bayansa sai ya ɗauki linzami ya zabura. A cikin cunkoson hawa, ga yara a gefen hanya, ga 'yan bindiga na harbi, ga kakaki da algaita, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ana iya gyara shi, amma aikin watanni ne a hannun gwani: a fara da jin kiɗa daga nesa, a riƙa fita da shi tare da natsattsen doki, har ya yarda cewa ba kowace fita ce gasa ba. Sabon mahayi ba zai iya wannan ba, kuma ƙara tsananta linzami ba ya magani, sai dai ya yayyaga masa baki.

A kula kuma da suna. Ba kowane dogon doki ne ɗan Sudan ba, kuma babu takardar asali da za ta raba gardama, sai idon wanda ya sani. Kuɗinsa ya ninka na ɗan Arewa, wanda ya taɓa cin gasa kuma ba a maganarsa. Yana sayuwa idan ƙafafunsa lafiya lau, amma da jijiya ta taɓu, darajarsa ta zube ƙasa warwas.

Ɗan Ajantina

An samar da shi ne don ƙwallon dawaki, daga gaurayen dokin tseren Ingila da dokin makiyayan Ajantina. Yana tashi da gudu nan take, ya tsaya cak, ya juya a ɗan ƙaramin wuri, kuma ana sarrafa shi da hannu ɗaya, da ɗan jingina masa igiyar linzami a wuya. A natsuwa da biyayya ya fi sauran biyun nesa. Nauyinsa kilo 400 zuwa 500.

Amma Sakkwato ba ta yi masa sauƙi. Da dala ake ƙiyasta kuɗinsa, kuma sayen shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai kilo 450 zai buƙaci harawa da ciyawa kusan kilo 7 a rana, tan ɗaya da rabi da ɗoriya a watanni takwas na rani, banda hatsi, kuma mai tsabta wadda ba ƙura ba fumfuna. Duk canjin abinci sai an yi shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Ruwa da bazara yakan wuce lita 50. Yana son ɗaki mai faɗin mita uku da rabi kowane gefe, mai dogon rufi, da zana ko silin a ƙarƙashin kwano, da fanka, wanda ke nufin sola ko janareta. Wasu dawakin da aka kawo daga ƙasashe masu sanyi sukan daina gumi gaba ɗaya idan zafi ya tsananta: fata a bushe, numfashi sama-sama ko a inuwa. Wanda ya kai haka ba ya aiki sai da asuba, wani ma sai an mayar da shi wuri mai sanyi. Kofatonsa bai kai na ɗan Arewa tauri ba, yakan buƙaci takalmi, mai iya sa shi da kyau kuwa sai an nemo.

Babban abin tsoro shi ne ciwon dawakin Afirka, wanda wasu ƙananan ƙwari masu cizo daga magariba zuwa asuba ke yaɗawa, musamman da damina da kusa da fadama, irin bakin gulbin Rima. Yakan fara da zazzaɓi, ramin da ke saman ido ya cika ya kumbura, numfashi ya yi wuya, a ƙarshe kumfa ta fito ta hanci. Ba shi da magani, kuma yakan kashe mafi yawan dawakin da jikinsu bai san shi ba. Kariyarsa allurar riga-kafi, da shigar da doki ɗaki mai raga mai ƙananan ido tun kafin faɗuwar rana. Zazzaɓin kaska, mai mayar da dasashi rawaya da fitsari baƙi-baƙi, shi ma ya fi tsananta a kansa.

Akwai wani abin da ya shafi al'adarmu. Mu ingarmu muke hawa, goɗiya tana ƙauye tana haihuwa. Dawakin ƙwallo kuwa yawancinsu goɗiyoyi ne da dandaƙaƙƙu. Shigar da goɗiya tsakiyar ingarmu ranar hawa neman fitina ne. Linzaminmu mai zobe kuma ya fi ƙarfin bakin da aka horar da taɓi kaɗan.

Wani lokaci za a kawo maka wanda ya gama wasa a farashi mai jan hankali. Shafa bayan ƙafafunsa na gaba daga gwiwa zuwa ƙasa. Jijiyar lafiya siririya ce, miƙaƙƙiya, mai sanyi. Idan ta yi kauri ta lanƙwaso kamar baka, ka san dalilin arhar. Idan lafiyarsa ta isa tafiya da ɗan sassarfa, zai iya zama dokin koyon yara mai kyau ƙwarai, amma cinsa da kulawarsa ba su ragu da komai ba.

| | Ɗan Arewa | Ɗan Sudan | Ɗan Ajantina |
|---|---|---|---|
| Nauyi | kilo 250–350 | kilo 350–450 | kilo 400–500 |
| Ci a rana | kilo 5–7 | kilo 7–10 | kilo 8–11 |
| Kuɗin saye | mafi sauƙi | mai tsada | mafi tsada |
| Masauki | turke da rumfa | rumfa mai faɗi ko ɗaki | ɗaki mai raga da fanka |
| Jure zafi | sosai | sosai | da ƙyar |
| Haɗarin cuta | kaɗan | matsakaici, ya fi yawa ga sabon zuwa | babba |
| Sarrafawa | da sauƙi idan an hore shi | sai gwani | da sauƙi, da linzami mai laushi |
| Sake sayarwa | nan da nan | idan ƙafa lafiya | masu saye kaɗan ne |

Ranar ciniki, kowanne ka zaɓa

Je da safe, da mutumin da ya san doki wanda ba shi da la'ada a cinikin. Buɗe bakin dokin: haƙoran gaba na tsakiya suna canzawa a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Mai shekara 6 zuwa 10 shi ya fi dacewa da sabon mai doki. Dukushi yana da arha, amma horar da shi sana'a ce. Sa a ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo. Idan kansa na ɗagawa duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, ita ce mai ciwo. Ɗaga kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya, duba tabon lalas a gaɓoɓi, a cire sirdi ka ga bayan, don farin gashi a gadon baya tsohon miki ne. Ƙuraje masu ruwa da suka jeru kamar carbi a ƙafa ko wuya kuwa, bar dokin nan ko kyauta ne, yana shafar sauran. Zafin jikin lafiyayye digiri 37.5 zuwa 38.5 ne. A yi ciniki gaban shaidu da shugabannin kasuwa, a rubuta, saboda dabbobin sata na yawo.

Idan ka kawo shi gida, ware shi mako biyu zuwa uku, da bokitinsa daban. Murar dawaki da ta ɓulla a jihar nan a ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, ta kashe jakuna masu yawa, ta nuna yadda cuta ke bin dabbobi daga kasuwa zuwa gida. A cikin waɗannan makonni a ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, a cire kaska, a yi masa allurar tetanus. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana nan cikin gari, ya kamata a san hanyarsa tun dokin na lafiya.

Wa ya dace da wanne

Mai neman dokin hawan salla, biki da kilisa, wanda wannan ne dokinsa na farko, ko yake son 'ya'yansa su tashi da hawa, ya ɗauki ɗan Arewa wanda ya cika baki, ya riga ya saba da kiɗa da taro. A ganina mutum tara cikin goma da ke wannan tambaya a Sakkwato nan ya kamata su tsaya, kuma ɗan Arewa da ya ƙoshi, gashinsa na sheƙi, ya fi ɗan Sudan da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa kyan gani a kowane fage.

Mai jiki, ko mai sarauta da matsayinsa ke son doki mai tsayi, ko mai niyyar shiga sukuwa, ɗan Sudan ne nasa, da sharaɗin yana da gogaggen mai kula da shi, da ajiyar harawar da za ta kai shi Yuni. Na hawa da na gasa kuma kada su zama doki ɗaya.

Ɗan Ajantina na mai buga ƙwallon dawaki ne da gaske, wanda ke da barga ginanniya, da wuta, da likita a kusa. Ko shi ma zai fi samun kwanciyar hankali idan ya ajiye shi a garin da ake yawan wasan, ya riƙe ɗan Sudan ko ɗan Arewa a gida don motsa hannu.

Wanda kuma sau biyu kawai yake hawa a shekara, ƙaramar salla da babba, kuma ba shi da fili ko mai kula, haya ta fi masa. Ya kama dokin tun da sauran makonni, ya hau shi sau biyu ko uku kafin ranar, ya duba baya da majayi da kansa, a kuma yi magana a fili gaban shaida kan wanda zai ɗauki nauyi idan dokin ya ji rauni a hannunsa.